Shekara huɗu da wayoyin dijital a intakom ɗin asibitinmu a Gusau

Kafin mu sa na'urar nan, sadarwar cikin asibitinmu a kan abu biyu take tafiya: ƙafafun yaron da ke mana shara, da maƙogwaron Metiron. In ana neman mai ɗakin gwaji, ko dai a aiki yaron a guje, ko Metiron ta tsaya bakin baranda ta ƙwala kira har marasa lafiyar da suka samu barci su farka. Ni ne ke riƙe da gudanarwa a wurin, wani ƙaramin asibitin kuɗi ne a nan Gusau, gado ashirin da 'yan kai. Ni ba likita ba ne, ba injiniya ba ne kuma. Albashi, man janareta da takardu su ne nawa. Saboda haka abin da zan faɗa a nan maganar wanda ya biya kuɗi ya yi amfani da kaya ce.

Wani zai ce ai kowa na da wayar hannu, mene ne na wani intakom? Haka ni ma na ce shekara da shekaru. Abin da ya sauya mini tunani shi ne, wayar hannu ta mutum ce, ba ta tebur ba. Ƙarfe biyu na dare nas ba wane take nema ba, duk wanda ke ɗakin magani a lokacin take nema. Sai ta kira lambar da ta sani, ashe mai lambar ya yi musanyar aiki da abokinsa, yana gida Tudun Wada yana sharar barci. Ga ƙarewar kati, ga mutuwar batir, ga safar hannu mai jini da ba ta taɓa gilashin waya.

A farkon 2021 muka ɗauko wani injiniya daga Kano, ya kawo mana akwatin raba kira na Panasonic, samfurin KX-TDA100, na hannu amma mai tsabta. Akwatin ƙarfe ne da ake kafewa a bango, cikinsa akwai ramuka da ake zura katuna kamar aljihun tebur. Kowane kati da aikinsa. Akwai na layukan waje, akwai na wayoyin gama-gari irin waɗanda muka sani a ofisoshi tun zamanin NITEL, akwai na wayoyin dijital zalla, akwai kuma na haɗaka mai kafa takwas, wato wuraren jona waya takwas, da ke ɗaukar kowace iri. Layin ƙasa kuwa babu maganarsa a garin nan tuntuni, don haka layukan wajenmu wasu ƙananan akwatuna biyu ne da ake sa wa sim, su kuma su miƙa wa babban akwatin layi kamar na ƙasa. Kowane tebur aka ba shi lambarsa ta ciki, daga 101 zuwa sama. In za ka kira waje ka fara danna 9.

Kuskuren farko nawa ne, kuma gara in faɗe shi da wuri don kada wani ya maimaita. Da na ga kuɗin wayoyin dijital a takardar injiniya sai raina ya ce mini ana so a ci da gumina. Na je Kano wata hidima, na biya kasuwa, na tarar da wasu wayoyin ofis guda biyar masu gilashi da maɓallai reras, na wani kamfani daban, a rabin kuɗin. Mai shago ya rantse mini cewa dijital ne, kuma gaskiya ya faɗa. Na kwaso su ina jin na yi dabara. Injiniya ya juya ɗaya ya karanta bayanta, ya yi shiru, sannan ya ce, "Yallaɓai, waɗannan ai ba yarensu ɗaya da akwatinka ba." Na ce a dai gwada. Ya jona. Ko ƙyaftawa gilashin bai yi ba.

Bayanin da ya yi mini a ranar shi ne ginshiƙin duk wannan harka. Wayar gama-gari ba ta da wani wayo, murya kawai take ɗauka a zare biyu, shi ya sa duk akwatin da ka jona ta za ta yi, ko wane kamfani ya ƙera ta. Ita kuwa ta dijital 'yar ƙaramar kwamfuta ce, kullum cikin zance take da akwatin: an danna maɓalli kaza, kunna fitila kaza, rubuta suna kaza a gilashi. Wannan zancen kowane kamfani da nasa, ba sa jin na juna. Kuma ko ta kamfanin ce, sai an jona ta a kafar dijital ko ta haɗaka. In ka sa ta a kafar gama-gari tamkar ka jona dutse ne. Na mayar wa mai shago, ya ce kaya sun riga sun bar shago. Har yau suna sito cikin kwalinsu, duk ƙarshen shekara in na zo ƙidayar kaya sai mun gaisa.

Daga ƙarshe dijital shida muka sa. Manya biyu masu maɓalli 24 da gilashi mai layi uku, ɗaya a wajen yankan kati, ɗaya a teburin nas-nas. Ƙanana masu maɓalli 8 a ofishin likita, ɗakin haihuwa, ɗakin magani da gidan likitan da ke bayan asibiti. Sauran wuraren duk gama-gari.

Ranar da aka kunna, biyar suka tashi, ta ɗakin magani ta ƙi. Muka sauya wayar, shiru. Muka sauya kafa a akwati, shiru. Injiniya ya durƙusa ƙarƙashin kanta, ya zare ɗan kan roban da ke shiga bayan wayar, ya ɗaga shi saitin taga ya ce in duba. Ɗan kan yana da haƙora huɗu na ƙarfe. Mai wayarin ɗinmu, wanda ya ja layin tun kafin injiniya ya iso, ya matse zare biyun ne a haƙoran tsakiya, yadda aka saba yi wa wayar gama-gari. Su kuwa waɗannan wayoyin a haƙoran gefe biyu suke karɓar nasu. Ya yanke kan, ya matse sabo, gilashi ya kawo haske, kwanan wata da lokaci suka bayyana. Aikin minti biyu, amma ya ci mana wuni, har mai ɗakin magani ya fara cewa ko wayar ce ba ta son shi.

Wannan rabon haƙora ba don ado aka yi shi ba. A kafar haɗaka, zare biyun tsakiya na gama-gari ne, biyun gefe na dijital, saboda haka kebul ɗaya mai zare huɗu zai iya kai waya biyu masu lamba daban-daban ɗaki ɗaya. Haka muka yi a ofishin likita: dijital a teburinsa, gama-gari a ɗan ɗakin allura da ke jikinsa, ba mu sayi ƙarin kati ba. Manyan wayoyin kuma suna da kafa ta biyu a bayansu, inda ake goya wata dijital ɗin, ita ma da lambarta. Daga baya mun goya ta kashiya a bayan ta wajen kati. Dabara ce mai rage kuɗi, sai dai abin da aka goya yana bin uwar goyonsa ne. Duk safiyar da mai goge-goge ta zare ta wajen kati don ta share tebur, ta kashiya ma ta mutu, sai ka ji shi yana faɗa shi kaɗai. Sai da na ɗaure igiyar a ƙafar tebur da zaren roba aka zauna lafiya.

Inda na fi shan wahala shi ne layin gidan likita. Tsakaninsa da ɗakin da akwatin yake ya haura mita 200. Dalilin da ya sa ma tun farko ba mu ɗauki wayoyin intanet ba ke nan, don kebul ɗin kwamfuta ba ya wuce mita 100 sai an sa wata na'ura a tsakani, ita ma tana son wutarta. Ta dijital kuwa zare biyu kawai take so, a cikinsu murya ke bi, a cikinsu wutarta ke zuwa daga akwati, kuma a kebul mai kyau tana cin ɗaruruwan mitoci ba gargada. To, "mai kyau" ɗin nan ita ce maganar. Wata biyu wayar gidan likita tana mutuwa tana farfaɗowa, musamman da tsakar rana. Ana cikin magana sai gilashi ya ɗauke, ya dawo kamar an kunna ta yanzu. Likita ya ce mini, "Malam, wagga waya taku ta fi majinyatana suma." Da injiniya ya dawo, bai ko kalli wayar ba. Ya yanko guntun kebul, ya fere zare ɗaya, ya kankare shi da reza. Jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyon ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe, an sayar mana a matsayin jan ƙarfe zalla. A gajeren zango ba ka ganewa, a dogon zango wutar ba ta isa ga wayar yadda take so. Muka sake saye, wannan karon da reza a aljihuna na shiga shagon, aka zura shi cikin bututun roba aka binne saboda rana da ɓeraye. Tun daga nan ba ta sake suma ba. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan gaya wa mai shirin wannan aiki, kebul ɗin zan zaɓa, ba wayar ba.

To me kuɗin dijital ya saya mana? Fitilu. In ka cire komai, fitilun nan ne. Kowane maɓalli a babbar wayar wajen kati an ɗaura masa ɗaki guda, da 'yar takarda a gefensa mai sunan ɗakin. In likita yana kan waya, fitilarsa ja ce. Yarinyar da ke wajen kati ba ta buƙatar ta kira ta ji, kallo ɗaya ya isa ta ce wa mai kira daga waje ya ɗan dakata. In fitilar a mace take, ta danna maɓallin sau ɗaya ta ajiye kan waya, kira ya wuce. A wayar gama-gari ma ana tura kira, amma sai ka ɗan taɓa maƙatar ajiye kai, ka jira wani sauti, ka danna lamba, kuma rabin ma'aikatanmu in sun taɓa maƙatar sai su daɗe, kiran ya yanke gaba ɗaya. Na ga nas mai shekara ashirin a aiki tana gumi a kan wannan. A dijital ɗin kuwa cikin kwana biyu kowa ya iya, har wanda ba ya son koyon sabon abu.

Sai suna a gilashi. In wayar nas-nas ta yi ƙara suka ga an rubuta ɗakin haihuwa, ba a tsayawa ƙarasa cin tuwo. In suka ga ofishina ne, to, na lura ana ɗan bari ta yi ƙara uku.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta ɗakin haihuwa. An saita ta ta amsa da kanta: in an kira daga ciki sai ta yi ɗan sauti, sifika ta buɗe, unguwarzoma ta yi magana daga inda take tsaye ba ta cire safar hannu ba. Ita ma in tana neman likita, gwiwar hannu take sa wa ta danna maɓalli ɗaya. Amma wannan alheri yana da kaifi biyu. Da farko mun kunna wa ofishin likita irinsa, sai wata rana kashiya ya kira a daidai lokacin da wata baiwar Allah ke faɗa wa likita abin da ko mijinta ba ta faɗa wa ba, layi ya buɗe ba wanda ya lura. Kashiya mutumin kirki ne, ya ajiye nan take ya zo ya same ni. A ranar aka kashe wannan saitin a ofishin likita, kuma ban ga dalilin da za a bar shi a kunne a duk ɗakin da ake sirri ba. Haka shela: daga wajen kati ana iya magana ta fito ta sifikun duk wayoyin dijital lokaci ɗaya. Mun taƙaita ta ga gaggawa kaɗai, bayan an yi amfani da ita sau biyu ana cigiyar makullin babur.

Akwai kuma maganar kuɗin kira, wadda ta shafe ni kai tsaye. Watan farko katin da muka zuba a layukan waje ya ƙare cikin kwana goma. Akwatin yana ajiye bayanin wace lamba ta kira waje, yaushe, minti nawa. Injiniya ya jona laftof ya nuna mini, sai ga wata waya a ɗakin kwanciyar maza tana hira da Talata Mafara kullum bayan isha'i. Masu jinya ne suka gano 9. Aka rufe wa duk wayoyin ɗakunan kwanciya, kicin da ƙofa hanyar fita, aka bar wa biyar kawai. Wannan aikin akwatin ne, ba na wayar dijital ba, na faɗa ne don mai saye ya san ya nema tun ranar farko.

Ban san darajar abin nan sosai ba sai watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Duk wanda ke Gusau a lokacin ya san yadda aka yi: waya a hannu ta zama tocila, mai son yin kira sai ya hau mota zuwa Funtuwa, da aka rufe can ma sai Zariya ko Sakkwato. Akwatunan sim ɗinmu biyu suka zama kayan ado. Amma cikin asibiti ko gezau. Ɗakin haihuwa na kiran gidan likita, wajen kati na kiran ɗakin gwaji, don kiran ciki ba ya fita katangarmu balle ya nemi sabis. Wani dare aka kawo wata mai naƙuda tana zubar da jini, ba wanda ya iya yin waya kafin su taso, sai dai muka ji ana dukan ƙofa. Baba maigadi ya ɗaga wayarsa ya kira nas-nas, su suka danna maɓallin likita, kafin a sauko da ita daga Keke Napep yana tsaye a baranda da silifas. Sai ranar 1 ga Oktoba aka buɗe wa Gusau layi. A makonnin nan Metiron, wadda da farko ta ce ɓarnar kuɗi ce, ta same ni ta ce, "Malam, ashe abin ga da kunka sa yana da rana." Ban ce komai ba, amma na ji daɗi har cikin raina.

Wuta kuwa dole a yi maganarta. Wayoyin ba su da batir ba su da filogi, daga akwati suke sha, saboda haka in akwatin ya mutu duk sun mutu tare. Mun ɗora shi a kan inbata da sola tun farko, kuma ba ya cin wuta sosai. Abin da ba mu yi ba shi ne kariyar tsawa. A daminar shekara ta biyu aka yi wata tsawa da daddare, da safe kafa uku a katin haɗaka sun ƙone, ciki har da ta gidan likita, wato layin da ya fi tsawo a waje. Injiniya ya ce tun farko ya faɗa mini a kafa ƙarfen atin na kirki, wato mai kai wutar tsawa ƙasa, a sa 'yan na'urorin kariya a duk layin da ya fita daga gini, ni na ce a bari sai an samu sarari. Gaskiyarsa ne, na tuna. Neman wani katin ya ɗauki mako uku, daga Legas aka samo shi, shi ma na hannu. A nan ne na ji cewa tun ƙarshen 2020 kamfanin Panasonic ya sanar zai daina ƙera irin waɗannan na'urori. Kayan suna da ƙarko, kuma na hannu suna nan a kasuwa, amma wanda zai sa sabon aiki yau ya sa wannan a lissafinsa, ya kuma ajiye kati ɗaya da waya ɗaya a gefe tun suna samuwa.

Abin da har yau ke ɓata mini rai ƙanana ne. Akwatunan sim ɗin nan wani lokaci ba sa gaya wa babban akwati cewa mai kira ya ajiye, sai fitilar layin ta tsaya ja alhali ba kowa a kai, sai an je an kashe an kunna. Lambar mai kira daga waje ba ta fitowa sai bayan ƙara ta farko ko ta biyu, in ka yi saurin ɗagawa ka rasa ta. Sannan duk wani gyaran saiti mai ɗan nauyi sai injiniya, shi kuma yana Kano, hanyar Funtuwa zuwa Gusau kuwa ba kullum mutum ke son hawanta ba. Na sa ya koya mini sauya suna da ɗaura maɓalli daga babbar wayar, na rubuta a bayan littafin albashi. Wanda ya wuce haka jira muke.

Ba kowane tebur ne ya cancanci dijital ba, kuma duk mai sayarwar da ya ce maka ka sa ta ko'ina cinikinsa yake nema. Kuɗin ɗaya zai saya maka gama-gari da yawa. Na taɓa kai wa Baba maigadi ƙarama ɗaya don in kyautata masa. Kwana uku ya aiko a kira ni, ya ce, "Ɗana, ɗauke abarka, maido man tawa. Wagga idanu gare ta da yawa." Ya fi ni gaskiya. Ɗakinsa ƙura ce da hunturu, feshin ruwa da damina, ga butar shayi kullum a gefen wayar. Gama-gari in ta lalace a kasuwar Gusau zan sayi wata kafin azahar. Kicin, sito, ɗakunan kwanciya, duk haka. Dijital ta mai raba kira ce da wanda ake yawan nema cikin gaggawa. A otal, makaranta ko kamfanin sarrafa auduga ma haka zan raba: biyu ko uku a inda kira ke taruwa, saura gama-gari. Wanda kuma gininsa sabo ne, ɗakunan kusa da juna, an riga an ja kebul ɗin kwamfuta ko'ina kuma wutarsa tsayayya ce, ya tambayi kuɗin wayoyin intanet kafin ya yanke shawara, don su ba su cika ɗaure mutum ga kamfani ɗaya ba.

A shekara huɗun nan, cikin shidan farko ɗaya ce kawai ita kanta wayar ta ba mu matsala, ta teburin nas-nas, ita ma igiyar kanta mai murɗe-murɗe ce ta tsinke saboda ja, aka sauya. Maɓallin ɗakin haihuwa a jikinta ya goge har ya yi sheƙi, takardar gefensa na sake rubuta ta sau uku. Yanzu muna gina ɗakin yara a gefen gabas, kafa ɗaya ce ta rage a katin haɗaka, kuma Metiron da mai ɗakin gwaji kowa ya riga ya zo ofishina a ɓoye ya ce tasa ce.